ƘWANNAFI: SABABBIN HANYOYIN GANO SHI DA MAGANCE SHI

Daga Malamin Kimiyyar Halittu

Gabatarwa

 Hausawa na cewa lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. Zan yi bayani ne a kan wani ciwo da kusan kowane gida ya san shi, tun daga Bebeji da Kiru har zuwa Tudun Wada da Doguwa, amma mutane kaɗan ne suka ɗauke shi a bakin komai. Wannan ciwo kuwa shi ne ƙwannafi.

Abin da ya sa na zaɓi wannan batu shi ne abin da ya sami wani kawuna, manomin masara a wani ƙauye da ke kusa da dajin Falgore. Ya fi shekara goma yana fama da zafin ƙirji bayan tuwon dare. Kullum akwai kofin jiƙaƙƙiyar kanwa a ƙarƙashin gadonsa. In abin ya taso sai ya kurɓa, ya yi gyatsa, ya koma barci. A kwana a tashi sai lomar tuwo ta fara tsaya masa a ƙirji, sai ya kora da ruwa. Daga tuwo ya koma fate, daga fate ya koma kunu, ya rame har mutanen gari suka fara cewa sammu ne. Da muka kai shi wani babban asibiti a Kano aka leƙa cikinsa da na'ura, sai aka tarar ƙasan bututun abincinsa ya tsuke saboda tabon ƙunar da ya daɗe yana sha. An buɗa wurin, an ɗora shi a kan magani, yau yana cin tuwonsa. Amma likitan ya gaya mana cewa da an zo tun da wuri, da duk wannan wahala ba ta same shi ba.

Mene Ne Ƙwannafi?

Idan mutum ya haɗiye abinci, yakan bi ta wani bututu mai tsawon kimanin santimita 25 daga maƙogwaro zuwa tumbi. A cikin tumbi akwai ruwa mai ɗauke da asid, wanda aikinsa shi ne taimakawa wajen narkar da abinci da kashe ƙwayoyin cuta. Tumbin babban mutum yakan samar da wajen lita ɗaya da rabi zuwa biyu na wannan ruwa kowace rana. Ɗaliban kimiyya sun san ma'aunin pH. To, na ruwan tumbi yakan kasance tsakanin 1.5 da 3.5, wato asid ne mai ƙarfi ainun. Abin da ya sa ba ya cin tumbin shi ne an shimfiɗa wa bangonsa wata majina mai kauri da ke kare shi. Shi kuwa bututun abinci ba shi da irin wannan kariya.

A daidai mahaɗar bututun da tumbi akwai wani zoben tsoka da ke aiki kamar zariyar wando. Yakan saki idan abinci ya iso, ya sake tsukewa da zarar ya wuce. Wanda ya taɓa zuwa madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974, ya ga yadda ake buɗe wa ruwa hanya ya bi gefe guda. Haka wannan zobe yake. Idan ya yi sanyi, ko yana yawan sakin jiki ba a kan lokaci ba, sai ruwan tumbi ya yi baya ya hau cikin bututun. Zafin da mutum ke ji a tsakiyar ƙirji, da ruwan tsami ko ɗaci da ke taso masa har baki, su ne muke kira ƙwannafi.

Kowa yakan yi ƙwannafi jefi-jefi, musamman bayan cin abincin biki. Yana zama cuta ne idan yana zuwa sau biyu ko fiye a mako, ko yana hana barci da aiki, ko ya fara yi wa bututun rauni. Wani lokaci ma yakan zo da wata kama, kamar tarin dare da ba ya jin magani, da disashewar murya da safe, da jin kamar wani abu ya maƙale a wuya, da zaizayewar haƙora, da tsanantar ciwon asma.

Ƙwannafi Daban, Olsa Daban

A wurinmu duk wani zafin ciki ko na ƙirji sai a ce olsa ce. Wannan kuskure ne da ke sa mutane shan maganin da bai dace da su ba. Olsa gyambo ne da ke fitowa a bangon tumbi ko a farkon ƙaramin hanji, kuma abubuwa biyu ne suka fi kawo ta. Na farko wata ƙwayar cuta ce mai suna Helicobacter pylori, wadda likitoci biyu na ƙasar Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano a 1982. Da sauran likitoci suka ƙi yarda da su, sai Marshall ya sha ruwan da ke ɗauke da ƙwayar a 1984, ya kamu da kumburin tumbi, ya tabbatar da maganarsa. An ba su lambar yabo ta Nobel a 2005. Bincike a Maiduguri da Kano ya nuna cewa mafi yawan manyan da aka gwada suna ɗauke da ita, ko da yake ba kowa take yi wa gyambo ba. Abu na biyu shi ne yawan shan magungunan ciwon jiki irin su asfirin da ibuprofen da diclofenac da piroxicam, waɗanda manoma da leburori ke saya a kemis bayan sun dawo daga aiki.

Shi kuwa ƙwannafi matsalar ƙofa ce. Mutum na iya samun ɗaya ba ɗaya, yana kuma iya haɗa biyun. Saboda haka kashe waccan ƙwayar cuta yana warkar da olsa, amma ba lallai ne ya raba mutum da ƙwannafi ba.

Abubuwan Da Ke Kawo Shi

Babban dalili shi ne duk abin da ke matsa ciki. Ƙiba da teɓa suna kan gaba. Sai juna biyu, domin jaririn yana danna tumbi, sa'an nan sinadaran jikin mai ciki suna sassauta wancan zobe. Akwai kuma wata irin ƙaba ta ciki, inda saman tumbi ke kutsawa cikin ƙirji ta ramin tantanin da ya raba ƙirji da ciki. Ɗaure ciki tamau da bel ko ɗamara, da yin noma a duƙe nan take bayan an ƙoshi, duk suna taimaka masa.

Ta fuskar abinci kuwa, mai shi ne ya fi laifi, domin yana jinkirta fitar abinci daga tumbi. Ƙosai da awara da soyayyen nama da ɗanwake mai iyo cikin mai duk suna ciki. Yaji da attarugu da ɗanyar albasa da tumatir suna tayar wa wasu da shi, haka lemon kwalba mai gas. Taba da giya suna raunana zoben. Goro da kofi da shayi mai kauri suna ɗauke da sinadarin kafin, wanda ke ƙara fitar asid. A nan ina jan hankalin 'yan ajin ƙarshe, waɗanda ke kwana cin goro da shan kofi a kan yunwa lokacin jarrabawa. Masu azumi kuma, Kirista ko Musulmi, su lura cewa cika ciki tim a lokacin buɗa baki, ko komawa barci da zarar an gama sahur, hanya ce ta gayyato ƙwannafi.

Batun Kanwa

Iyayenmu ba su yi ƙarya ba da suka ce kanwa na kwantar da ƙwannafi. Kanwa gishiri ce mai ɗauke da sodiyam kabonet da sodiyam bayikabonet, kuma idan ta gamu da asid takan kashe kaifinsa nan take, kamar yadda muke gani a ɗakin gwaje-gwaje. Amma wannan haɗuwa tana fitar da iska, ita ce gyatsar da ake yi a ce magani ya ci. Iskar tana kumbura tumbi, ta ƙara tura ƙofar, bayan ɗan lokaci zafin ya dawo. Bugu da ƙari, sodiyam ɗin da ke cikinta yana tara ruwa a jiki, abin da ke da haɗari ga mai hawan jini ko ciwon zuciya ko na ƙoda. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suka danganta yawan ciwon zuciya ga masu jego da yawan shan kunun kanwa da kwanciya a kan gado mai zafi. Babbar illarta dai ita ce wadda kawuna ya gani: tana rufe bakin ciwo alhali ɓarna na ci gaba a ciki. Madara ma takan sanyaya ƙirji na ɗan lokaci, daga baya ta sa tumbi ya ƙara fitar da asid.

Yadda Likita Ke Gano Shi

Mataki na farko shi ne tambaya. Idan alamun sun fito sarari, kuma babu alamar haɗari, likita kan ba da maganin rage asid na mako takwas ya ga yadda za a yi. Idan yana zaton olsa, zai sa a gwada bayan gida ko numfashi domin neman Helicobacter pylori. A kula, sai an dakatar da maganin rage asid na mako biyu, da maganin kashe ƙwayoyin cuta na mako huɗu, kafin wannan gwaji, in ba haka ba sakamakon na iya nuna babu alhali akwai.

Mataki na biyu shi ne leƙa ciki, wato endoskofi. A 1868 wani likitan Jamus, Adolf Kussmaul, ya leƙa tumbin wani mai wasan haɗiye takobi da miƙaƙƙen bututun ƙarfe. Sai a 1957 Basil Hirschowitz, haifaffen Afirka ta Kudu da ke aiki a Amurka, ya samar da bututu mai lanƙwasa. Na yau kaurinsa bai wuce na ɗan yatsa ba, yana da fitila da kyamara a bakinsa, likita na kallon komai a allo. Mutum zai zo bai ci komai ba na awa shida zuwa takwas, a fesa masa maganin kashe zafi a maƙogwaro, a gama cikin kamar minti goma zuwa sha biyar. Ana yin wannan a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Da shi ake ganin ƙuna, a auna girmanta daga mataki na A zuwa na D, a ga tsukewa ko gyambo, a kuma ɗebo ɗan nama domin gwaji. Likita kan duba wani sauyi da ake kira da sunan Norman Barrett, wanda ya yi rubutu a kai a 1950, inda fatar ƙasan bututun ke rikiɗa saboda daɗewar ƙuna. Kaɗan daga masu wannan sauyi kan kamu da ciwon daji, ko da yake ya fi yawa ga Turawa a kan baƙar fata.

Sai dai fiye da rabin masu ƙwannafi idan aka leƙa ba a ganin rauni. Domin irinsu ne aka ƙirƙiro awon asid na awa 24, wanda likitocin Amurka biyu, Johnson da DeMeester, suka tsara a 1974. Ana zura siririyar waya ta hanci zuwa ƙasan bututun, mutum ya tafi gida ya ci ya sha ya kwanta, na'ura tana rubuta duk lokacin da asid ya hau. Daga farkon shekarun 2000 aka samu wani ɗan kafso da ake maƙalawa a bangon bututun, yana aika saƙo ba tare da waya ba na kwana biyu zuwa huɗu, daga baya ya faɗi da kansa ya fita ta bayan gida. Akwai kuma na'urar da ke gane tasowar ruwa ko iska ko da babu asid a ciki, da wadda ke auna ƙarfin tsokar bututun. Bisa ƙa'idar da masana suka fitar a 2018 da sunan birnin Liyon na Faransa, idan asid ya zauna a bututun fiye da kashi 6 cikin ɗari na yini, wato kusan awa ɗaya da rabi, to cutar ta tabbata. Waɗannan na'urori ba su yawaita a asibitocin ƙasarmu ba tukuna.

Magunguna

Kashi na farko su ne masu kashe kaifin asid nan take, irin farin ruwan nan na magnesium trisilicate da ƙwayoyin da ake taunawa. Wasu, kamar Gaviscon, suna ɗauke da wani sinadari daga ciyawar teku da ke yin kumfa ya rufe saman abincin da ke tumbi. Suna da amfani ga ƙwannafin jefi-jefi. Amma suna hana jiki tsotsar wasu magunguna, kamar ƙwayar ƙarin jini da ake ba masu ciki da ciprofloxacin da tetracycline, don haka a bar aƙalla awa biyu tsakaninsu.

Kashi na biyu su ne masu rage fitar asid. Na farkonsu, cimetidine, ya fito a Ingila a 1976 daga binciken James Black, wanda ya sami lambar Nobel a 1988. Ranitidine ya biyo baya a 1981, amma a 2020 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sa a janye shi daga kasuwa saboda an sami wani gurɓataccen sinadari a cikinsa da ake zargi da kawo ciwon daji. Duk wanda ke da ragowarsa a gida ya daina sha. Famotidine, ɗan'uwansa, yana nan ana amfani da shi.

Kashi na uku, wanda shi ne ginshiƙin magani a yau, ya fara ne da omeprazole, wanda wani kamfanin ƙasar Suwidin ya fitar a 1988. Daga baya aka samu lansoprazole da pantoprazole da rabeprazole da esomeprazole. A bangon tumbi akwai wasu ƙananan famfuna da ke fitar da asid, su waɗannan magunguna ke toshewa. Da yake sai famfunan sun tashi aiki maganin ke kama su, abinci kuwa shi ke tashe su, wajibi ne a sha shi minti 30 zuwa 60 kafin karin kumallo. Mutane da yawa na sha bayan sun ci, ko sai zafi ya taso, sa'an nan su ce maganin jabu ne. Ana sha na mako huɗu zuwa takwas. Wasu na bukatarsa na tsawon lokaci, amma da sanin likita, domin daɗewa a kansa na iya rage bitamin B12 da sinadarin magnesiyam a jiki, ya kuma buɗe hanya ga wasu cututtukan hanji. Wanda ya daɗe yana sha kada ya yanke dare ɗaya, ya riƙa ragewa a hankali, in ba haka ba asid ɗin kan dawo da ƙarfi.

Sabon shiga shi ne vonoprazan, wanda aka fara sayarwa a Japan a 2015, Amurka kuma ta amince da shi domin ƙunar bututun abinci a 2023. Yana fara aiki tun ranar farko, kuma ana iya shansa kafin ko bayan abinci, sai dai yana da tsada.

Tiyata

Idan magani ya kasa, ko akwai babbar ƙaba ta ciki, akan yi aiki. A 1955 wani likita mai suna Rudolph Nissen, a birnin Basel na Suwizalan, ya naɗe saman tumbi a kewayen ƙasan bututun kamar yadda ake naɗa rawani, domin ya ƙarfafa ƙofar. Tun daga 1991, da aka fara a Beljiyam, ana yin wannan aiki ta 'yan ƙananan huji ba tare da an tsaga ciki ba. A 2012 kuma Amurka ta amince da wani zobe mai kama da abin wuya, na ƙananan duwatsu masu maganaɗisu, da ake ɗaurawa a wurin. Yakan buɗe idan loma ta zo, ya rufe bayan ta wuce. Ba a yin ko ɗaya daga cikinsu sai gwaje-gwaje sun tabbatar da cutar.

Abin Da Za Mu Iya Yi A Gida

Rigakafi ya fi magani, kuma mafi yawan abin da ake bukata ba ya cin ko kwabo.

1. A ci tuwon dare da wuri, a bar awa biyu zuwa uku kafin a kwanta.
2. A ci kaɗan-kaɗan, kada a cika ciki lokaci guda.
3. A ɗaga ƙafafun gado na wajen kai da bulo ko katako, kimanin santimita 15 zuwa 20. Tara matasan kai ba ya wadatarwa, domin yana lanƙwasa ciki ne kawai.
4. A kwanta ta gefen hagu, domin a haka mahaɗar bututun takan kasance sama da ruwan tumbi.
5. Mai ƙiba ya rage, mai shan taba ya bari.
6. Kowa ya lura da abincin da ke tayar masa da ciwon ya rage shi. Babu bukatar a haramta wa kai komai da komai.
7. A daina sayen haɗin ƙwayoyin ciwon jiki barkatai. Mai juna biyu kuwa kada ta sha komai sai ta tambaya a wurin awo.

Alamun Haɗari

Duk wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan, ya nufi asibiti ba tare da jinkiri ba: abinci na tsayawa ko zafi wajen haɗiya, rama ba dalili, aman jini ko amai mai launin garin kofi, baƙin bayan gida kamar kwalta, ƙarancin jini, amai da ya ƙi tsayawa, ko ciwon da ya fara wa mutum sabo bayan ya manyanta. Haka kuma ciwon ƙirji mai danna mutum kamar an aza masa dutse, tare da gumi da sarƙewar numfashi, yana kaiwa hannun hagu ko muƙamuƙi, yana iya zama na zuciya. Wannan ba ya jiran gari ya waye.

Kammalawa

Ya ku ɗalibai, idan kun koma gida hutu, wasu Tiga, wasu Kwanar Dangora, wasu Riruwai, ku ne idon iyayenku. Ku duba ko akwai kofin kanwa a ƙarƙashin gadon baba ko kaka. Ku tambaye su tun yaushe suke sha, kuma ko loma na tsaya musu. Ku karanta musu wannan bayani cikin ladabi, ku taimaka a sa bulo a ƙafar gado, in ta kama ku raka su asibiti mafi kusa, inda za a tura su Kano ko Zariya idan akwai bukata. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya kai mu sabuwar shekarar karatu lafiya. Amin.